TARIHIN NEMAN MAGANI MAI BIN SAWUN CUTA: JAWABI A KAN CIWON DAJIN BABBAN HANJI

Jawabinmu na wannan mako a kan ciwon daji na babban hanji ne, watau sankarar da ke tsirowa a ƙarshen hanji ko cikin dubura, da kuma tarihin wahalar da masana suka sha wajen neman maganin da zai tafi sosai inda cutar ta ke, ba tare da ya ɓata sauran jiki ba. An buga shi cikin wannan ɗan littafi domin wanda bai sami ji a rediyo ba. Kai mai karatu, in ka gama, ka karanta wa mutanen gidanku da maƙwabta, tun ba ku mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ba, gama daga ƙasarku labarin zai soma.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Ka san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya rasu a Wurno, kabarinsa yana nan har yau ana ziyara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ban da sha'anin mulki da na yaƙi, Bello ya rubuta littattafai da Larabci a kan magani. Akwai wanda ya yi a kan ciwon ido, akwai na amfanin filasko, akwai kuma wanda ya keɓe ga basir da magungunansa. Sa'ad da wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato cikin 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da Bello ya nema wurin Sarkin Ingila shi ne a aiko masa da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. Ka ga ashe neman magani ko'ina ya ke gadonmu ne, ba baƙon abu ba.

Amma a zamanin nan babu mai iya ganin cikin hanjin mutum mai rai, a nan ko a Turai. Jini kuwa in ya fito ta ƙasa, dalilinsa ba ɗaya ba ne. Yana iya zama basir, yana iya zama atuni, yana iya zama irin tsargiyar nan ta hanji da a ke ɗauka a ruwan fadama da na tafki, yana kuma iya zama sankara. A ido duk kusan ɗaya ne, amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Tun cikin ƙarni na 14 wani likitan Ingila, John Arderne, ya rubuta cewa akwai wani ƙari mai tauri kamar dutse da a kan taɓo da yatsa cikin dubura, masu magani marasa sani su kan ce wa majiyyaci atuni ne. Shi da kansa ya ce bai san wanda ya warke daga gare shi ba. Haka abin ya zauna shekaru ɗari biyar.

ZAMANIN WUƘA

Cikin 1835, shekara biyu kafin rasuwar Bello, aka buɗe wani asibiti a Landan, Asibitin St Mark, domin cututtukan dubura kaɗai. Cikin 1846 aka fara sa mutum barci da magani kafin a yi masa aiki, cikin 1867 kuma Joseph Lister ya koya wa likitoci kashe ƙwayoyin cuta a hannu da kayan aiki. Sai da waɗannan biyu suka samu sa'an nan likita ya iya buɗe ciki da fatan majiyyaci zai tashi.

Cikin 1908 Ernest Miles ya bayyana hanyar cire dubura mai sankara tare da kaluluwar da ke kewaye da ita. Daga cikin mutum 12 na farko da ya yi wa aikin, 5 sun mutu, amma aka yi ta gyara hanyar har ta zama abin dogara. Cikin 1932 wani likitan St Mark, Cuthbert Dukes, ya rarraba cutar hawa hawa: wadda ba ta wuce bangon hanji ba, da wadda ta huda bangon, da wadda ta kai ga kaluluwa. Ya nuna cewa mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki a hawa na fari su kan rayu, na hawan ƙarshe kuwa kaɗan ne. Ka riƙe wannan, domin duk abin da aka gano daga baya bai rushe shi ba.

Wuƙa dai tana cire abin da ido ya gani ne. In cutar ta riga ta bi jini ta sauka a hanta ko huhu, to, sai an nemi abin da zai bi ta can.

BATUREN JAMUS DA RINI

Mutumin da ya fara tunanin magani mai bin sawun cuta wani likitan Jamus ne, Paul Ehrlich. Tun yana ɗalibi ya ke wasa da rini. Ya lura cewa in an zuba rini a kan tsokar da aka yanka siriri aka duba da madubin likita, wani sashe ya kan kama launi, wani ya ƙi. Kowane marini ya san haka, baba ya kan kama zaren auduga amma ba ya kama inda aka ɗaure. Sai Ehrlich ya ce, in akwai rinin da ke kama ƙwayar cuta ya bar naman mutum, me zai hana a haɗa shi da dafi, ya tafi ya kashe ta ita kaɗai? Ya kira wannan abin da ya ke nema harsashi mai sihiri, watau wanda ba ya kuskure, ba ya kuma samun wanda ba a nufa ba.

Shi da abokin aikinsa, Sahachiro Hata mutumin Japan, suka yi ta gwaji har suka dace da haɗi mai lamba 606, wanda aka fara sayarwa cikin 1910 domin tunjere. Ga ƙwayoyin cuta da ke shigowa daga waje dabarar ta ci. Ga ciwon daji kuwa abin ya faskara, dalili kuwa shi ne, sankara ba baƙuwa ba ce. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne da kansu su ke ƙin tsayawa, su yi ta hayayyafa ba ƙa'ida. Yaya za ka koya wa magani ya bambanta ɗan gida mai ɓarna da ɗan gida na kirki?

MAGANI MAI DAFI

Cikin yaƙin duniya na fari likitoci sun lura wata iska mai guba da aka yi yaƙi da ita tana cinye fararen ƙwayoyin jinin sojoji. Cikin 1942, a Jami'ar Yale ta Amurka, aka gwada danginta a kan mai sankarar kaluluwa, ƙarin ya saɓe na ɗan lokaci. Daga nan aka fara maganin sankara ta hanyar allura da ƙarin ruwa.

Cikin 1957 Charles Heidelberger ya haɗa wani magani da a ke kira 5-FU a taƙaice. Ya yi shi da kamannin wani abu da ƙwayar sankara ke bukata in za ta rabu biyu, in ta haɗiye shi sai aikinta ya tsaya. Har yau shi ne ginshiƙin maganin sankarar babban hanji. Cikin 1996 aka ƙara masa mataimaki, irinotecan, wanda asalinsa daga wani itace ne na ƙasar Sin, daga baya kuma aka ƙara oxaliplatin, wanda aka fara haɗawa a Japan cikin 1976.

Waɗannan magunguna sun tsawaita ran mutane masu yawa, amma suna da aibu. Duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa su ke kai wa hari, mai cuta da mai lafiya. Shi ya sa mai shansu ya kan yi gyambon baki, da zawo, da ƙarancin jini, wani gashinsa ya zube, wani yatsunsa su riƙa mutuwa. Misalinsu kamar manomi ne da ke son ya shayar da fangali ɗaya na albasa, amma ba shi da hanya sai ya malale fadamar duka. Fangalin zai sha, amma shukar maƙwabta ta ruɓe. Saboda haka tilas likita ya tsaya a kan gwargwadon da jiki zai iya ɗauka, ko da cutar tana bukatar fiye da haka.

'YAN JAKUNKUNAN DA IDO BA YA GANI

Cikin 1961 wani likita a kusa da Kambirij ta Ingila, Alec Bangham, ya ga wani abin mamaki. In an kaɗa wani irin kitse cikin ruwa, sai ya dunƙule da kansa ya zama 'yan jakunkuna, bangonsu kitse, cikinsu ruwa, kamar salka. Bayan shekara goma wani masani, Gregory Gregoriadis, ya ce ai ana iya ɗura magani a ciki a aika da shi cikin jini.

Bari ka ji ƙanƙantarsu. Ɗauki milimita guda, watau ƙaramin zanen nan na jikin rula, ka raba shi kashi miliyan. Kashi ɗaya shi a ke kira nanomita, daga nan ne kuma sunan nano ya fito. Jakar magani ta kan kai nanomita 100. Kaurin gashin kai guda ya kai wajen nanomita 80,000, watau sai ka jera jaka 800 kafin ka ƙetare gashi ɗaya.

To, me zai sa jakar ta tsaya a kan ƙari ta wuce sauran jiki? Amsar ta zo daga Japan cikin 1986, wurin Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura. Sun nuna cewa sankara, don gaggawar girma, ta kan yi wa kanta hanyoyin jini na ha'inci, masu huji kamar tsohon kwando. Hanyar jinin lafiyayyen nama a toshe ta ke, jakar ba ta iya fita, amma in ta iso ƙari sai ta zurara ta hujin, ta kuma daɗe a can domin ƙari ba shi da magudana mai kyau. Wannan ita ce dabara ta fari.

Dabara ta biyu ita ce a manna wa jakar wata alama a baya, wadda ba ta kama komai sai irin abin da ke jikin ƙwayar sankara, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Tun cikin 1965 likitoci biyu a Kanada, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano wata alama da sankarar babban hanji ke ɗauke da ita, ana kiranta CEA, har yau kuma ana auna ta cikin jini don a ga ko cutar ta komo bayan aiki. Irin waɗannan alamu masana ke so jakar ta riƙa nema.

Dabara ta uku ta babban hanji ce musamman. Da ya ke shi ne ƙarshen hanyar abinci, ana gwada lulluɓe magani da abin da ruwan tumbi ba ya narkarwa, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin da ke zaune can su cinye lulluɓin, maganin ya fito daidai bakin ƙarin. Ana gwada ɓawon jatan lande da wani abu mai yauƙi na jikin 'ya'yan itace. Har ƙaro, irin wanda a ke tsinka a dazukanmu na Arewa, an gwada shi wajen lulluɓe irin waɗannan ƙwayoyi.

INDA AKA KAI YANZU

Cikin 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da maganin sankara na fari da aka ɗura cikin jakar kitse, sunansa Doxil. Amfaninsa babba shi ne ya rage illar da maganin ke yi wa zuciya. Cikin 2005 aka yarda da Abraxane domin sankarar nono. Cikin 2015 aka yarda da Onivyde, watau irinotecan ɗin nan cikin jaka, amma domin sankarar wata gaɓa da ke bayan tumbi, ba ta hanji ba. Wasu daga cikin alluran rigakafin korona da aka fara yi cikin 2020 su ma cikin irin wannan jakar kitse aka ɗura su.

Ga sankarar babban hanji kuwa, gaskiyar magana ita ce har yanzu maganin nano bai zama abin da likita ke rubutawa yau da kullum ba, ko a Turai ko a Amurka. Galibin aikin yana ɗakin bincike, a kan ɓeraye, kaɗan ne ya kai ga gwaji a kan mutane. Cikin 2016 masana a Jami'ar Toronto suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar abin da ke isa ƙari, a tsaka-tsaki, wajen kashi 7 ne kawai cikin 1,000 na abin da aka zuba. Sauran hanta da saifa ne ke tsare mafi yawansa, gama aikinsu ke nan, tace baƙon abu daga jini. Ku mutanen Goronyo kun san wannan tun da aka gama madatsar ruwan Rima cikin 1984: ba duk ruwan da aka saki ke isa gonar ƙarshe ba, rairayi ya sha, rana ta sha, na gaba su tare. Haƙa hanyar ruwa daban, isar ruwa daban. Ban da haka, ƙarin mutum ba shi da yawan huji kamar na ɓera, kuma na wani ba ɗaya ya ke da na wani ba.

Wannan ba dalilin fid da rai ba ne. Daga maganar Ehrlich zuwa Doxil an yi kusan shekara 90, sannu ba ta hana zuwa. Amma ka yi hankali. In wani ya tsaya a kasuwa da lasifika, ko ya aiko maka da saƙo ta waya, ya ce yana da maganin nano mai narkar da sankara ba aiki, to, kuɗin albasarka da tafarnuwarka ya ke so. Abin da manyan jami'o'in duniya ba su gama ba, ba za a same shi cikin kwalba a bayan mota ba.

ABIN DA KE HANNUNKA YAU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu da wannan cuta a duniya, fiye da 900,000 suka mutu. Ita ce ta uku wajen yawa cikin sankarori, ta biyu wajen kisa. A ƙasashen da a ke riƙe lissafi sosai, in an same ta ba ta wuce bangon hanji ba, wajen mutum 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara biyar. In ta riga ta watsu zuwa hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Likitocin Nijeriya sun daɗe suna kuka da abu biyu: majiyyatanmu su kan zo a makare, kuma da yawa ba su kai shekarun majiyyatan Turai ba, wasu ba su cika arba'in ba.

Cutar kuwa ba ta zuwa dare ɗaya. Yawanci ta kan fara ne da ɗan tsiro kamar ƙwayar wake a bangon hanji, wanda ya kan yi wajen shekara goma kafin ya rikiɗa. Tun 1969 likitoci biyu a birnin New York, Hiromi Shinya da William Wolff, suka nuna ana iya zura siririn bututu mai fitila ta dubura, a ga tsiron, a tsinke shi ba tare da an tsaga ciki ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka ka lura da waɗannan alamu, a jikinka ko na iyalinka. Jini cikin bayan gida, ja ko baƙi. Canjin bayan gida da ya wuce mako uku ko huɗu, yau zawo gobe taurin ciki. Jin kamar ba ka gama ba bayan ka tashi. Rama ba dalili, da kasala, da farin ido. Ƙullutu ko ciwon ciki da ya ƙi tafiya. In ka ga ɗaya daga cikinsu, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa basir ne ka shekara kana shan jiƙo. Tafi asibitin da ya fi kusa da kai, a Wurno ko Rabah ko Goronyo, ka faɗi abin da ka gani ba ɓoye-ɓoye. In likita ya ce zai duba da yatsa, ka yarda, aikin minti ɗaya ne, kuma da shi a ke gano da yawa daga cikin sankarar dubura. Mace tana iya roƙon mace ta duba ta. Kai maigida, kada ka hana matarka zuwa don kunya. In an tura ku Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai likitocin fiɗa da sashen masu ciwon daji, ku tafi cikin makon nan, kada ku ce sai an cire amfanin gona. Sau da yawa za a tarar basir ne ko atuni ko tsutsa, a ba ka magani ka komo gida da kwanciyar rai. In kuwa ɗayar ce, ka zo da wuri ke nan. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa ya taɓa yin cutar, ya gaya wa likita ko da ba ya jin komai.

Akwai kuma rigakafi. Wani likita, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura cutar ba ta da yawa wurin mutanen ƙauye na Afirka, wajen 1970 ya ce dalili shi ne abincinsu mai dusa da ganye. Binciken baya ya tabbatar da cewa hatsin da ba a cire masa dusa sarai ba yana rage hatsarin. To, gero da dawa da wake da zogale da rama da kuka, waɗanda wasu ke rainawa yanzu don burodi da lemon kwalba, kada ka sake su. Cikin 2015 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa naman da a ke sarrafawa don ajiya, irin na gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta. Rage yawan jan nama, bar taba, nisanci giya, kada ka bar ƙiba ta yi maka yawa.

Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello, ya buɗe jami'a a Zariya cikin 1962, wadda ta horad da likitoci masu yawa na Arewa. Likitan da kakansa ya nema daga Ingila bai samu ba, yau 'ya'yanmu ne, suna jin Hausa, suna zaune a asibiti suna jiranka. Ku sa yaranku makaranta, maza da mata, watakila cikinsu akwai wanda zai ƙarasa aikin jakar nan. Kafin ranar ta zo, maganin da ya fi kowane samun cutar daidai shi ne zuwa da wuri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.